Mijin ne ya biya kuɗin asibiti, to fayil ɗin na wa ne?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema, musamman daga lauyoyin zauren nan. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni masaniyar halayyar ɗan Adam ce, ina ganin marasa lafiya a wani asibiti mai zaman kansa. Akwai wata baiwar Allah da muka yi watanni muna zama da ita saboda ciwon damuwa da ya kama ta bayan haihuwa. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi sosai. Mijinta ne ya fara kawo ta, shi ya yanki kati, shi ke biyan kuɗin kowane zama. To yanzu auren ya mutu, suna gaban alƙali a kan riƙon yara.

Jiya da hantsi sai ga shi a ofishina da wasiƙar lauya, wai in miƙa kwafin fayil ɗinta cikin kwana 7, in haɗa da rahoton cewa tana da taɓin hankali. Na ce masa ba zan iya ba. Bai ce uffan ba, ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro rasit-rasit ɗaure da kyauro, ya kwance, ya jera mini su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, sannan ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, wa ya biya waɗannan?" Wallahi daren jiya ban yi barcin kirki ba. Tambayata biyu ce. Wasiƙar nan dole ne in bi ta? In kuma kotu ce ta kira ni, ina da ikon cewa ba zan buɗe baki ba?

Mai Unguwar Zaure:
Wa alaikumus salam. Kafin a soma, Hajiya, muna da yawa a nan, ba wanda ya san ko ƙanin mijin yana cikinmu. Kada a faɗi gari, kada a faɗi yawan yaran, kada a faɗi kotun.

Maman Sadik:
Na kiyaye, ranka ya daɗe. Na ma sauya wasu abubuwa da gangan.

Ɗan Fagge:
Ni fa ba lauya ba ne, ɗan kasuwa ne, amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Mutum ya ɗauki matarsa ya kai asibiti da guminsa, bai kai ta gidan boka ba, bai kulle ta a ɗaki ba. Yanzu maganar 'ya'yansa ake. In uwar ba ta da lafiya, a ce ba shi da haƙƙin sani? Mu dai a kasuwa wanda ya biya shi ke da kaya.

Barista Bazazzagi:
Alhaji, a Kwari haka ne, a asibiti ba haka ba ne. Abin da ya saya da kuɗinsa shi ne lokacin Hajiya da ƙwarewarta, kuma an ba shi, tunda ga matar ta samu sauƙi. Maganar da aka yi a cikin ɗakin ba ta cikin cinikin.

Hajiya, tambayarki ta farko mai sauƙi ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce duk wani bayani game da marar lafiya sirri ne: ciwonsa, maganinsa, har da zamansa a asibitin. Sai ta buɗe 'yan ƙofofi. In shi marar lafiyar ya yarda a rubuce. In kotu ta ba da umarni, ko wata doka ta wajabta. In yaro ne, iyaye ko waliyyi suka nema. In mutum ne da ba ya cikin halin da zai iya ba da izini, mai kula da shi ya nema. Ko kuma in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Ki duba da kyau, babu miji a jerin, balle tsohon miji da ke ƙara da ita. Ba yarinya ba ce, kuma da ƙafarta take zuwa kotu tana kare kanta.

Wasiƙar lauya kuwa, mu ne masu rubuta ta, na san nauyinta. Roƙo ne aka sa wa babbar riga. Wannan "cikin kwana 7" ɗin, ko bashin dubu biyar ake bi sai mun rubuta shi. Amma kada ki yi shiru. Ki amsa a rubuce, layi huɗu ya isa: doka ta hana ki fitar da bayanin kowane marar lafiya sai da izininsa a rubuce ko umarnin kotu. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kan ita matar. Ki kai wa shugaban asibitinku kwafin wasiƙun biyu yau, don takardar fayil ɗin ta asibiti ce, kada a zagaya ta bayanki a samu wani yaro a ɗakin kati ya ɗauki hoto da waya.

Maman Sadik:
Allah ya saka da alheri Barista. Wannan na ɗakin kati bai ma zo mini a rai ba. Ta biyun fa?

Barista Bazazzagi:
Nan ne labarin ba daɗi. In sammaci ya zo daga kotu, za ki je. Dokar Shaida ta 2011 ta kare maganar da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa, wannan sashe na 192 ne, ta kuma kare maganar da miji da mata suka yi a cikin aure. Ba ta ce komai ba a kan likita da marar lafiya, balle ku. Wato ni in aka tambaye ni abin da mai ƙara ya faɗa mini a ofis, zan ce doka ta rufe mini baki, alƙali ya wuce. Ke in kika faɗi haka, alƙali ya ce ki amsa, kika ƙi, raina kotu ke nan.

Sai dai ba a ce ki shiga da fayil a hannu kina rawar jiki ba. Kina iya shaida wa alƙali cewa bayanin amana ne, ki roƙi a taƙaita tambaya ga abin da ya shafi riƙon yara, ki roƙi a fitar da 'yan kallo, ki roƙi shi alƙalin ya duba takardun da kansa maimakon a miƙa wa ɗaya ɓangaren. Yawancin alƙalai suna saurare in aka yi da ladabi. Sannan in kotun shari'ar Musulunci ce, a ƙarar aure da riƙo ba Dokar Shaida ce ke jan ragama ba, fiƙihun Malikiyya ne. Wannan kuma Malam yana nan, ba zan yi masa shisshigi ba.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Barista don Allah a yi haƙuri da katsalandan. Mu a aji an koya mana cewa abin da marar lafiya ya faɗa a ɗakin zama yana da kariya ko a gaban kotu. Har a jarrabawa ya fito.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, littafin da aka koya miki da shi a Amurka aka rubuta shi, mu ma da irinsa aka koya mana. Abin da kika karanta shari'ar Jaffee da Redmond ce. Wata 'yar sanda ce a jihar Illinois, Mary Lu Redmond, ta harbe wani mutum a bakin aiki a 1991. Abin ya dame ta, ta riƙa zuwa wajen wata ma'aikaciyar jinƙai mai lasisin ba da shawara, suka yi zama kusan 50. Dangin mamacin suka kai ƙara, suka ce a kawo abin da aka rubuta a zaman. Aka ƙi. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 1996 alƙalai 7 cikin 9 suka ce ba za a tilasta ba, don in mutane suka san za a karanta maganarsu a kotu, ba za su faɗa ba tun farko, kotun ba ta samu shaidar ba, marar lafiyar kuma bai samu magani ba. Hujja ce mai kyau, ni ma na yarda da ita. Amma hukuncin kotunan tarayyar Amurka ne. In kika ɗauko shi a gaban alƙali a Gyaɗi-Gyaɗi zai saurare ki, ya ce madalla, sannan ya maimaita tambayarsa.

Shekara talatin na yi a aikin nan, kuskuren da na fi gani wurin sababbin shiga shi ne su ce wa marar lafiya, "Duk abin da ka faɗa a nan, a nan zai tsaya." Alkawarin da ba ka da ikon cikawa ne.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
To Baba me za a ce masa? In ka fara da maganar kotu ai sai ya tsorata ya kama bakinsa.

Baba Mai Ritaya:
Ba da muryar ɗan sanda za ki faɗa ba. Ni ga yadda nake yi, tun zaman farko, bayan an gaisa: "Abin da za mu tattauna amana ne, ba mai ji daga bakina, ko matarka, ko mahaifinka, ko wanda ya biya kuɗin. Sai a wuri uku: in na ga ranka na cikin haɗari, in na ga ran wani na cikin haɗari, ko in alƙali ya tilasta ni. Ko a nan ɗin ma kai zan fara gaya wa." Sai ya sa hannu a takarda. In da wanda ya rako shi, a gabansa nake faɗa, musamman wannan na mai biyan kuɗi. Ban taɓa ganin wanda ya tashi ya fita ba. Da Hajiya ta faɗi haka mijin na zaune, da bai ɗauro rasit da kyauro ba.

Maman Sadik:
Baba, na karɓi wannan. Na faɗa mata, amma shi yana waje a lokacin.

Malam Na Soro:
Assalamu alaikum. Tunda Barista ya jefo mini ƙwallo. Da farko dai, sirri a Musulunci amana ne tun kafin a rubuta sashe na 26. Hadisi ya zo cewa wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne, wani kuma ya ce in mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Waiwayen nan alama ce ta ba ya son wani ya ji. To ina ga wadda ta shiga ɗaki aka rufe ƙofa? Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan sirrin aikin likitanci a Brunei a 1993, ta ce asali haramun ne a fallasa, sai in ɓoyewar za ta jawo cutar da ta fi ta fallasawar, ga al'umma ko ga wani mutum, ko in mai sirrin ya yi izini. Ko an buɗe ɗin ma, gwargwadon lalura.

Sai maganar riƙo. Gaskiya ne Malikiyya sun sharɗanta hankali ga mai riƙon yaro. Amma abin da suke nufi hauka ne da ke hana mutum kula da kansa balle wani. Macen da ta yi baƙin ciki bayan haihuwa, ta nemi magani, ta warke, ba ita ake nufi ba. Sannan ga abin da maza da yawa ba su sani ba: ko da an karɓe riƙo daga uwa, ba hannun uba yake faɗawa ba. Kakar yaran ta wajen uwa ce ke biye, sannan innarsu, 'yar uwar uwa, ana tafiya ta ɓangaren mata kafin a zo kansa. Wato ko an ba shi fayil ɗin nan ya ci nasara, surukarsa ya yi wa aiki.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, wannan kam ban taɓa ji ba. Mu abin da muka sani an yaye yaro a kai shi gidan ubansa.

Malam Na Soro:
Wannan al'ada ce Alhaji, ba fiƙihu ba. A mazhaba namiji yana wurin uwa har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, uba yana ciyarwa.

Likita Bakatsine:
Ni likitan ƙwaƙwalwa ne, bari in taɓa rabin wasiƙar da ba a taɓa ba, wato rahoton. Fayil abu ne da yake akwai, ana jayayya a kan wa zai gani. Rahoton kuwa so ake Hajiya ta ƙirƙiro shi da kalmar da aka zaɓa mata. "Taɓin hankali" ba sunan ciwo ba ne, buhu ne da ake zuba komai a ciki, daga wanda ba ya barci har wanda ke tsince-tsince a bola. In ta sa hannu a kan wannan kalmar, mai tsince-tsincen nan alƙali zai gani a ransa.

Kuma akwai abin da ya fi wannan. Mai yi wa mutum magani daban, ƙwararren da kotu ta nema ya auna mutum daban. Hajiya ta zauna da matar ne a matsayin mai taimakonta, abin da matar ta faɗa shi ta sani. Ba ta auna uban ba, ba ta ga yaran a gidan kowa ba. Da wane ma'auni za ta ce wane ya fi cancanta? Ko lauyan matar ne ya zo gobe ya ce ta rubuta cewa uwar ce ta fi dacewa, amsar ɗaya ce. Iyakar abin da za ta iya faɗa, da izinin matar: na gan ta daga wata kaza zuwa wata kaza, ga abin da ya kawo ta, ga halin da take ciki yanzu. In kotu na son a auna, ta tura su wajen wanda bai taɓa ganin ɗayansu ba. Na ga abokan aiki sun sha kunya a akwatin shaida saboda wannan. Tambaya ɗaya lauya ke yi: "Dokta, sau nawa ka ga uban?" Shi ke nan rahoto ya zama takardar ƙosai.

Barista Bazazzagi:
Dokta ka tona mana asiri. Tambayar da nake farawa da ita ke nan.

Ɗan Fagge:
To na ji na riƙo. Amma ni har yanzu wannan sirri-sirrin bai kwanta mini ba. A ce mutum ya zo ya ce muku zai kashe wane. Sai ku rubuta a fayil ku sa a durowa, ku ce amana?

Baba Mai Ritaya:
Alhaji ka taɓo shari'ar da duk mai wannan aiki a duniya ya san sunanta, Tarasoff. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley aka yi. Wani ɗalibi ɗan Indiya, Prosenjit Poddar, ya kamu da son wata yarinya, Tatiana Tarasoff, ita kuma ta nuna masa ba ta yi. Abin ya taɓa shi, ya fara ganin wani masanin halayyar ɗan Adam a asibitin jami'ar, Dokta Lawrence Moore. A watan Agustan 1969 ya gaya masa zai kashe ta in ta dawo, lokacin tana Brazil. Ka lura fa, Moore bai sa a durowa ba. Ya sanar da 'yan sandan jami'a, har da wasiƙa. Suka kama Poddar, suka ga yana magana tsaf, ya yi alkawarin ba zai kusance ta ba, suka sake shi. Shugaban Moore kuma ya ce a bar maganar. Ba wanda ya gaya wa yarinyar, ba wanda ya gaya wa iyayenta. Ranar 27 ga Oktoba 1969 ya je gidansu ya kashe ta da wuƙa.

Iyayen suka kai ƙara. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yi hukunci a 1974 cewa wajibi ne a gargaɗi wanda ake hari. Masu aikin suka yi ca, kotun ta sake zama, a 1976 ta faɗaɗa shi: wajibin shi ne a ɗauki matakin da ya dace don kare mutumin, ko gargaɗi ne, ko 'yan sanda, ko kwantar da marar lafiyar. Abin da ke ba ni tsoro a labarin har gobe shi ne Moore ya yi abin da yawancinmu za mu yi, mu je gida mu yi barci da tunanin mun sauke nauyi.

Barista Bazazzagi:
Sai dai a ƙara da cewa Tarasoff ma ba dokarmu ba ce, ko a Amurka kowace jiha da yadda ta ɗauke ta. Lauya zai iya kawo ta a nan don jan hankalin alƙali, ba ta ɗaure shi. Wadda ta fi kusa da mu ta Ingila ce, shari'ar W da Egdell, 1989. Wani da ya harbe mutum 5 har lahira yana tsare a asibiti, lauyoyinsa suka ɗauko Dokta Egdell ya rubuta rahoton da zai taimaka a sassauta masa. Rahoto ya fito akasin haka, ya ce mutumin yana da haɗari har yanzu. Lauyoyin suka janye buƙatarsu don kada kowa ya gani. Egdell ya aika wa hukumar asibitin da kansa. Aka kai shi ƙara kan fallasa sirri, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ya yi daidai, don haɗarin na gaske ne kuma ga waɗanda ya kamata ya kai, ba ga 'yan jarida ba.

Inda nake da damuwa shi ne lafazin namu sashen na 26. Cewa ya yi haɗari ga lafiyar jama'a. Wannan ya fi kama da annoba, irin kwalara ko Lassa. Mutum ɗaya da aka ce za a kashe, shi ne jama'a? Ni dai in aka kawo mini, zan ce a kare ran, in an kai ƙara mu haɗu a kotu, na fi son kare wanda ya yi magana aka rayu. Amma a rubuta komai: me ya faɗa da bakinsa, ƙarfe nawa, wa aka tuntuɓa, me ya sa aka zaɓi wannan matakin.

Nas Mai Dare:
Tunda ana maganar doka, ga tamu matsalar a ɗakin gaggawa. A kawo yarinya ta sha fiya-fiya, mu wanke mata ciki, Allah ya tashi kafaɗarta. Da safe dangi su kewaye ka suna roƙo a rubuta kuskure ne, ta ɗauka maganin tari ne. In an rubuta kuskure, ba mai tura ta wajen su Hajiya. Bayan wata biyu a sake kawo ta, wani lokacin ba a kan ƙafarta ba.

Barista Bazazzagi:
Ba kunya kaɗai ke sa su ba, Sista. Sashe na 231 na Final Kod, dokar laifuka ta Arewa, ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tara, ko duka. A Kudu sashe na 327 ne na tasu dokar. Gadon Turawa ne, su kuma Ingila sun soke nasu tun 1961. Legas ta sassauta, ta ba kotu damar tura mutum asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kawo haƙƙoƙin marasa lafiya da ƙa'idar kwantar da mutum ba da son ransa ba, amma ba ita ce ta goge waɗancan sassan ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan majalisa ta cire wannan daga laifi a watan Maris 2023. Kuma muna da hukumar da doka ta kafa tun 2013 mai yi wa masana halayyar ɗan Adam rajista da ba su lasisi. Ba na ce komai ya gyaru ba, amma in wani ya fallasa ka, akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ku a can wa ke hukunta irin wannan?

Baba Mai Ritaya:
Ɗan uwa ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Likitoci suna da majalisarsu mai ƙwace lasisi, nas-nas suna da tasu, masu harhaɗa magani suna da tasu. Mu ƙungiyoyi gare mu, da ƙa'idojin aiki masu kyau a takarda, amma ƙungiya iyakarta ta kore ka daga cikinta, ka koma ofis washegari ka ci gaba. Shi ya sa yau kowa ya yi kwas na sati biyu a intanet sai ya buɗe shafi a Instagram yana karɓar kuɗin zama, har yana sa hoton hirar mutane wai darasi, ya shafe suna ya bar unguwa da sana'a.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Wallahi Baba akwai wadda nake bi, har muryar mata take sakawa.

Barista Bazazzagi:
Wannan ko ba majalisa ana iya kama ta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, da hukumarta mai cin tara. Ku ma na gaskiyar ku yi hattara. Duk mai yin zama ta WhatsApp, saƙon muryar marar lafiya yana cikin wayar da yaransa ke buga wasa da ita da yamma.

Maman Sadik:
Na dawo. Na kai wa shugaban asibiti, an ɗauke fayil ɗin daga ɗakin kati an kulle a ofishinsa. Na kira ita matar na gaya mata an nema kuma na hana, na kuma gaya mata gaskiya cewa in kotu ta kira ni zan je. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Anti, duk abin da na faɗa kin rubuta?" Na ce ba duka ba.

Bayan mun gama na zauna na karanta fayil ɗin daga farko, da idon lauyan mijin. Yawanci ba matsala. Amma a shafin ranar farko akwai wata magana mai nauyi a kan ita da jaririn. Shi ne ya faɗa lokacin da yake ba ni labari, ita tana zaune kanta a sunkuye. Na rubuta ta haka nan, ban sa "in ji mijin" ba. Duk wanda ya karanta zai ɗauka daga bakinta ta fito, ko ni na gani da idona. Daga baya ta ce mini ba haka aka yi ba, wannan kuma yana can shafi na shida.

Barista Bazazzagi:
Hajiya, kada alƙalaminki ya taɓa shafin nan. Kada ki goge, kada ki soke, kada ki matsa kalma biyu a saman layi, kada ki sake kwafe shi a sabuwar takarda. An riga an nemi fayil ɗin a rubuce, duk gyaran da aka gani bayan jiya sunansa sauya shaida, kuma zai kashe shafi na shida tare da na farkon.

Baba Mai Ritaya:
Sabon shafi za ki buɗe a ƙarshe, da kwanan watan yau da sa hannunki. Ki rubuta cewa kin sake duba bayanin ranar kaza, jimla kaza daga bakin wanda ya rako ta ta fito, ba daga bakinta ba, a duba shafi na shida. In da nas a ɗakin a ranar, ki sa sunanta. Ni ma na taɓa yin irinsa a shekaruna na farko, alƙali ya sa na karanta rubutuna da ƙarfi a gaban mutumin.

Ɗan Fagge:
To ni dai yanzu abin da nake so in sani, matata da ke zuwa awo, katin nan da ke hannuna ba nawa ba ne ke nan?

Nas Mai Dare:
Riƙo aka ba ka Alhaji, kada ka ɓatar.

Maman Sadik:
Barista, in na rubuta amsar wasiƙar zan turo maka ta gefe ka duba kafin in buga a takardar asibiti. Ba suna a ciki.

Barista Bazazzagi:
Turo bayan Magariba, yanzu ina hanyar Kaduna. Kuma ki tabbata yaron da zai kai ta ofishin lauyan ya dawo miki da kwafi mai hatimi da kwanan wata.